Na iya kwafar fuska daga hoto amma jiki ya gagare ni, ga shi an kawo mini aiki

Tambaya: "Na daɗe ina zanen fuskoki da fensir daga hotunan waya, har ana cewa kamar da kyamara aka ɗauka. Amma da na ce zan zana mutum sukutum, a tsaye ko a zaune, sai ya fito gajere, a sandare, hannayen kamar ba nasa ba. Yanzu wani Alhaji ya kawo mini hoton fasfo na mahaifinsa da ya rasu, yana so in yi masa shi babba, da fenti, a zaune cikin babbar riga. Ta ina zan fara koyon jiki, kuma yaya ake karɓar irin wannan aiki ba a ji kunya ba?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Tambaya biyu ka kawo, amma a wurina guda ce. Hoton fasfo a ƙirji yake tsayawa. Faɗin kafaɗar marigayin, yadda ya ɗora hannu a gwiwa, yadda riga ta zubo masa, duk babu su a ciki, daga kanka za su fito. Ke nan abin da ya hana ka tsayar da mutum a takarda shi ne zai tare ka a aikin Alhaji.

Ba raina abin da ka iya nake yi ba. Raba hoto gida-gida a kwafe shi daki-daki yana koya wa hannu haƙuri, yana koya wa ido rarrabe inuwa mai duhu da mai sauƙi, kuma akwai waɗanda ya zame wa hanyar abinci. A 2019 Eli Waduba, wani matashi daga Kaduna, ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir ya sa a Twitter, mutumin ya gani ya ce zai saya, har ya nemi a ƙara yi masa wasu. Tun daga nan na ga yara da yawa sun duƙufa kan ƙofofin gashi da ɗigon gumi. To amma mai kwafa, hoto ne ke jan sa. Ya ga duhu a gefen wuya sai ya sa duhu, bai san tsokar da ta taso daga bayan kunne ta gangaro gindin wuya ce ta kawo shi ba. Ranar da aka ce ya ɗan juya kan, sai ya tsaya cik.

Na san kuma ba za ka rasa mai ce maka zanen mai rai haramun ne ba. Magana ce mai tushe, hadisanta na cikin Buhari da Muslim, malamai kuma sun yi saɓani kan iyakarta. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kai, abin da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki, cikakkiya, mai inuwa, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle hukuncinsa ya sauko zuwa karhanci ko abin da barinsa ya fi. Wasu malaman ba su yarda da wannan rabe-raben ba. Ka zauna da malamin da ka natsu da shi ka warware wannan tun yanzu, kada ka karɓi kuɗin mutum zuciyarka na rawa. Ni a kan zanen zan tsaya.

Fara da awo. Da kai ake auna jiki, wato daga tsakar ka zuwa haɓa. Babban mutum a tsaye kai bakwai da rabi ne, ko kusa da haka. Littattafai da yawa kai takwas suke koyarwa don ya fi sauƙin rabawa kuma yana ba da kwarjini, amma in ka yi wa dattijon gidanku kai takwas, 'ya'yansa za su ce ka ƙara masa tsawo. Ɗan shekara ɗaya kuwa kai huɗu ne kacal. Tsakiyar jiki tana ƙasa da cibiya, inda cinyoyi suka rabu, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana gajerun mutanenka: ka ɓata lokaci a kai da ƙirji, ka yi su manya, sai takarda ta kusa ƙarewa ka dunƙule ƙafafu. Kafin ka zana komai, ɗiga alama uku: tsakar ka, tafin ƙafa, da tsakiya. In hannu ya sauka a sake, gwiwar hannu na daidai ƙarshen haƙarƙari, wuyan hannu na daidai rabuwar cinya, yatsu su kai tsakiyar cinya. Kifa hannunka a fuskarka ka gani, daga haɓa yake kaiwa kusan gaban goshi. Ya fi yadda kake zana shi girma. In mutum ya ware hannayensa biyu, faɗinsu kusan tsawonsa ne, abin da mai zanen Italiya Leonardo da Vinci ya nuna ke nan wajen 1490 a zanen nan nasa na mutum cikin da'ira.

Amfanin waɗannan awon shi ne ka ga inda mutumin da ke gabanka ya saɓa musu. Dogon Bafulatani siriri da ɗan kokawa daga Tawa ko Maraɗi ba awo ɗaya gare su ba, kuma a saɓanin nan kamanni suke. In za ka auna, miƙe hannunka sosai, riƙe fensir a tsaye, rufe ido ɗaya, ka daidaita bakin fensir da tsakar kan mutumin, babban yatsa kuma inda haɓarsa take, sai ka riƙa saukowa kana ƙirgawa. Kada ka lanƙwasa gwiwar hannu tsakanin awo da awo, lissafin rushewa zai yi.

Awo zai ba ka mutum daidai amma a sandare, don sandarewar daga wani wuri take. Ƙasusuwan babban mutum 206 ne, sai dai abin da kake bukata da farko abu uku ne masu tauri: ƙoƙon kai, haƙarƙari gaba ɗayansa, da ƙashin ƙugu. Zana kai a matsayin ƙwallo da aka liƙa wa muƙamuƙi, haƙarƙari babban ƙwai, ƙugu kuwa akwati. Ƙashin baya ne ya haɗa su, kuma motsin gangar jiki a tsakaninsu yake faruwa, a wuya da ciki. Mutum ya sunkuya, ƙwan ya matso akwatin ta gaba. Ya waiwaya, ƙwan ya murɗe, akwatin na nan inda yake. Ka shafe makonni kana zana waɗannan ukun kawai, ta gaba, ta gefe, ta sama, ba fuska ba riga. Ba wanda zai yaba maka a kansu, ka yi haƙuri ka yi.

Sai nauyi. Ba mai tsayuwa kan ƙafa biyu daidai wa daida sai soja a fareti. Dubi mai jiran mota ko mai ciniki: ya zuba nauyinsa a ƙafa ɗaya, ƙugun wannan gefen ya ɗaga, kafaɗar gefen ta sauko, ɗaya gwiwar ta saki. Ka sauke layi a miƙe daga ɗan ramin nan na gindin maƙogwaro zuwa ƙasa, zai faɗa kan ƙafar da ke ɗauke da nauyin. In a zanenka layin ya faɗa a wajen ƙafafu, mutuminka faɗuwa yake yi, komai kyan idon da ka yi masa.

Duk wannan ba ya zama a hannu sai da zanen gaggawa daga mutane masu motsi. Nemi takarda mafi araha da biro. Biro ya fi fensir a nan don ba ya goguwa, zai raba ka da kilina. Ka ba kowane mutum daƙiƙa 30, in ya yi yawa minti biyu. A ɗan wannan lokaci ba ka da damar zana ido, dole ka kama abin da mutumin yake yi: layi ɗaya daga ka zuwa diddige, sannan ƙwai da akwati, sannan gaɓoɓi. Rabin sa'a kullum ya fi wuni guda a mako.

A makarantun zane na Turai tsirara ake tsayar da mutum a aji a zana shi. Mu ba haka muke ba, kuma ba mu yi wata asara ba tunda muna da filin dambe. Ɗan dambe ba riga, ga baya ga kafaɗa ga cinya duk a fili. Dubi tsayuwarsa kafin ya kai hannu: ƙafafu a buɗe, nauyi ya koma ƙafar baya, hannu ɗaya a miƙe yana tare abokin karawa, wanda aka ɗaure da zare kuma ya ja shi can baya, allon kafaɗar wannan gefen ya matso ƙashin baya, haƙarƙari ya murɗe ya bar ƙugu. Da ya saki hannun komai sai ya juye: diddigen baya ya ɗaga, ƙugu ya riga kafaɗa juyawa, nauyi ya zubo gaba. Turmi ɗaya in ka kalle shi da idon mai zane, za ka koma gida da abin yi na mako. In ba ka kusa da fili, bidiyon dambe da kokawa sun cika YouTube, ka riƙa tsayarwa kana zanawa, amma ka ɗibar wa kanka lokaci. Bayan su akwai 'yan ga-ruwa da masu faskare da 'yan dako. Teburin mai shayi kuwa ya fi ko'ina don koyon zama, wanda shi aikin Alhaji ke bukata. Ka nemi izini in za ka daɗe a kan mutum, kada kuma ka je kana ƙura wa matan mutane ido da sunan zane. Don siffar mace, 'yan'uwanka na gida sun isa in sun yarda: mai daka, mai tankaɗe, mai goyo.

Hannu ne ke tona asirin mai zane, shi ya sa za ka ga ana cusa shi a aljihu ko bayan riga. Ƙashi 27 ne a hannu ɗaya. Kada ka fara da yatsu. Fara da tafin a matsayin ɗan allo mai kauri, ka ɗora tsokar babban yatsa a gefe, ka haɗa yatsu huɗun wuri ɗaya, sai daga baya ka raba su. Ɗaya hannun naka yana tare da kai ko'ina, ba ya gajiya ba ya neman lada: zana shi riƙe da carbi, riƙe da kofi, a kife a gwiwa.

Ga inda namu ya bambanta da na littattafan waje. Su jiki suke koyarwa, mu kuwa kusan duk wanda za a ba ka ka zana a lulluɓe yake: babbar riga, kaftani, zani, hijabi, rawani. Wasu na ɗauka sauƙi ne ya samu tunda riga ta rufe komai, shi ya sa kake ganin hotunan manya kamar an ɗora kai a kan buhu. Tufafi ba shi da siffar kansa, inda jiki ya tokare shi nan yake rataya. A mutumin da ke zaune cikin babbar riga wuraren tokarar su ne kafaɗu biyu da gwiwoyi biyu, wani lokaci har da ciki da gwiwar hannu, kuma daga nan kowane ninki yake tasowa. Tsakanin gwiwa da gwiwa yadin yakan lotsa ya yi kwari. In ya naɗe hannun rigar ya ɗora a kafaɗa, yadin ya taru ya yi nauyi a can. Saboda haka ka zana mutumin tukuna, da ƙwansa da akwatinsa da cinyoyinsa, da layi mara nauyi, sannan ka sa masa riga. Kowane yadi da halinsa. Shadda mai sitaci karyewa take yi, ninkinta da kusurwa da kaifi, tana ƙyalli. Yadi mai laushi irin na hijabi zubowa yake yi dogo-dogo. Aikin riga, ko aska biyu ce ko aska tara, a kan ƙirji yake kwance, dole ya bi tudun ƙirjin ya ɓace inda rigar ta ninke. In ka zana shi a shimfiɗe yadda yake a teburin maɗinki, ka baje mutumin. Hula ma zagaye take da kai: in kan yana sama da idonka bakinta sama yake lanƙwasawa, in yana ƙasa ya lanƙwasa ƙasa.

In littafi kake nema, na Andrew Loomis, Ba'amurken da ya yi rubutu a shekarun 1940 da 1950, har yau ba su tsufa ba, musamman hanyarsa ta gina kai daga ƙwallo. Ko ba ka jin Turanci sosai, zanen da ke ciki ya wadatar. In makaranta ce, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya girmi jami'ar kanta, kuma a can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu, da nufin a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida. Ko ba ka shiga ba, ka nemi wani malamin zane ka nuna masa takardunka na gaggawa, ba fuskokin da ka lailaye suka yi sumul ba. Mai ce maka "ƙafar nan ta gaza" ya fi maka masu zuba "ma sha Allah" a Facebook. Kafin ka same shi, madubi zai yi: ka nuna masa zanenka, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili nan take.

To, aikin Alhaji. Shawarata ka karɓa, amma da sharaɗi, kuma kada ka faɗi kuɗi a zaman farko. Tambaya za ka yi. Ina za a rataye shi? "Babba" a bakin mai saye ba awo ba ne, ka je da tef ka nuna masa santimita 60 da 90 a bango ya gani da idonsa. Wa zai ce aiki ya yi, shi kaɗai ko har da Hajiya da sauran 'ya'ya? Yaushe ake bukata? Sannan ka roƙi duk wani hoton marigayin da ke gidan, ko na taron biki ne da ya fito ɗan mitsitsi a gefe. Hoton fasfo fitila ce ta doke shi ta gaba, ta share inuwar da ke nuna tudun kunci da zurfin ido, kuma ba mai sakin fuska a gaban mai ɗaukar fasfo. Wani tsohon hoto da bai fita sosai ba zai iya nuna maka yadda yake karkatar da kai. In ta WhatsApp za a turo, a turo a matsayin fayil, don in aka tura yadda aka saba manhajar na matse hoton ya rage fita.

Sai babbar dabarar. Ka nemi wani ɗansa ko ƙaninsa mai irin jikinsa ya sa rigar marigayin, in tana nan, da hularsa, ya zauna a kujerar da za a zana. Ka zaunar da shi kusa da taga, haske ya zo ta gefe ɗaya. Ka yi zanen gaggawa uku ko huɗu, sannan ka ɗauki hotuna. Ka ja baya kamar taku biyar, ka riƙe wayar daidai ƙirjinsa. In ka matso, gwiwoyi da hannaye za su kumbura su rinjayi kai, in ka ɗauka daga sama ƙafafu su tsuke. Ka tambayi 'yan gidan yadda yake zama. Za ka ji an ce ai Baba kullum carbi na hannunsa, ko ba ya zama sai ya harɗe ƙafa. Irin waɗannan ne ke sa a shigo falo a ce "wallahi shi ne", fiye da tsawon hanci. In kuwa mai rai ne za ka zana ya ce ba shi da lokacin zama, ka gaya masa cikin raha cewa Sarauniyar Ingila Elizabeth ma ta zauna wa Ben Enwonwu, mai zane da sassaƙa ɗan Najeriya, ba sau ɗaya ba, lokacin da ya yi mutum-mutuminta a 1957. Wajen haɗa kan da jikin ka tabbata girman kan ya dace da awon jikin, wuya ya fito daga cikin haƙarƙari yana ɗan karkata gaba, inuwar haɓa kuma ta faɗa ta gefen da sauran inuwoyi suka faɗa. In ba haka ba, kowa zai ga dasawa aka yi.

Maganar kuɗi ka cire kunya ka yi lissafi. Tara kuɗin kanbas (ƙyallen da ake zanen fenti a kai) da katako da fenti da burushi da firam da na mota. Ƙiyasta kwana nawa za ka yi, ka ninka da abin da ya kamata mai sana'ar hannu ya samu a wuni a garinku, ka ƙara wani abu don gyare-gyare, don za a yi su. Hannaye a fili da aikin riga mai yawa suna ƙara kwanaki, mutum biyu a hoto ɗaya kuma ba kuɗin mutum ɗaya ba ne. Ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗin, kafin ka sayi ko da burushi, ciko kuma kafin hoton ya bar hannunka. "Kawo, zan turo maka" ta cinye jarin masu zane da yawa, kuma hoton mahaifin wani ba abin da za ka sayar wa wani ba ne in an fasa. Duk abin da kuka yi ku rubuta, ko a saƙon waya ne: girma, irin fenti, da firam ko babu, ranar gamawa, kuɗi, da sau nawa za a yi gyara kyauta. Sau biyu ya isa. Dattijo ba zai ji haushi ba in ka ce masa, "Alhaji, bari in rubuta don kada in manta." Kafin ka taɓa kanbas kuma, ka yi ƙaramin zane a takarda mai nuna zaman da rigar da abin da ke baya, ka kai masa ya amince. A nan ake sake shawara ba asara. In fenti ya hau sannan aka ce a mai da rigar fara ko a juya kujerar, sabon aiki ne da sabon kuɗi, ka kuma faɗi haka tun farko.

Ka ce fenti yake so, kai kuma ɗan fensir ne. Kada ka koyi fenti a kan aikin mutane. Ko dai ka gaya masa gaskiya ka ba shi zaɓin fensir da gawayi a babbar takarda, a fesa mata maganin kama gawayi a sa a gilashi, ko ka nemi wata biyu ko uku ka yi ƙananan gwaji tukuna. Fentin akirilik da ruwa ake sirka shi, cikin mintuna yake bushewa, da hunturu ma kafin ka gama haɗa kala ya ƙafe a faranti, kuma yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe. Fentin mai yana ba ka kwanaki kana lailaya fata yadda kake so, amma ƙura na manne masa, kuma man ƙyallin ƙarshe ba a shafa masa sai ya yi wata shida ko fiye. Wajen fatarmu, kada ka ɗauka ruwan ƙasa da baƙi sun gama magana. In ka yi inuwa da baƙi zalla fuskar za ta mutu ta yi toka-toka. Dubi goshin baƙin mutum a inuwar bishiya: akwai shuɗin sama inda haske ya taɓa, akwai ja a kunci da leɓe da kunne, farar riga kuma na mai da haske ƙarƙashin haɓa. Da ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi ake haɗa inuwa mai rai, a ɗan sa ja.

Ranar nunawa ka shirya jin magana. Kowa a gidan da Baban da yake tunawa, wani na lokacin ƙarfinsa, wani na lokacin jinya, shi ya sa na ce a san mai yanke hukunci tun farko. In an ce "bai yi kama ba", kada ka yi musu, kada kuma ka kama goge-goge. Rufe rabin fuskar da takarda ka nuna ido kaɗai, sannan baki kaɗai, ka ji a ina suka tsaya. Sau da yawa abin ɗan kaɗan ne, a kusurwar baki, ko nisan da ke tsakanin hanci da leɓe, ko fatar ido ta sama da ka ɗaga fiye da kima. Akwai masu so a rage tsufa a ƙara haske. Ɗan sassauci ba laifi, amma tsagar gado da tabon sallah ni ba na taɓa su sai mai aikin ya nace, don da su ake gane mutum.

Na san da hotunan aikinka a intanet kake samun masu saye, amma wannan mahaifin mutane ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa a zana masa hoto don amfanin gidansa ikon hana a baza shi. Ko ba doka ma ka tambaya, musamman hoton mace ko na mamaci, ka sa amsar cikin abin da kuka rubuta. Wajen kaiwa, in fentin mai ne kada leda ta taɓa fuskarsa, ka sa kwali a kusurwoyi huɗun, ka riƙe shi a tsaye cikin mota, kada a kai shi but a ɗora masa kaya. Ka tafi da ƙusa da guduma ka rataye shi da kanka, a bangon da rana ba ta duka kai tsaye, tsakiyar hoton daidai idon mai tsaye.